Motar Kwana ko Karaban: Yadda Za Ka Zaɓi Abin Yawon Hutu a Birtaniya da Turai

Duk wanda ya zauna a Birtaniya ko Jamus ko Faransa ya san yadda manyan hanyoyi suke cika daga ƙarshen watan Yuli zuwa ƙarshen Agusta, lokacin dogon hutun makarantu: ga motoci suna jan fararen ɗakuna masu taya a bayansu, ga kuma ƙananan bas-bas da aka mayar da cikinsu wurin kwana da girki. Na farkon shi ne karaban, wanda ba shi da inji, sai an ƙulla shi a bayan mota. Ta biyun ita ce motar kwana, wadda injinta da gadonta da murhunta duk suna jiki ɗaya. Ba abin mamaki ba ne magidanci daga cikinmu da yake zaune a waɗannan ƙasashe ya yi sha'awar irin wannan hutu, domin kuɗin otal ga iyali mai mutum biyar ko shida yana da nauyi, ga kuma wahalar neman abincin halal a ƙauyukan bakin teku ko na kan duwatsu, alhali wanda yake tafe da murhunsa da tukunyarsa ya huta da wannan damuwa.

Abin da yake jefa mutane cikin nadama shi ne fara zuwa wurin dillali tun kafin su zauna su yi wa kansu tambayoyi. A filin dillali komai yana ƙyalli, kuma ido ne yake yin zaɓi. A ganina, amsar tana ƙunshe ne cikin yadda iyalinka suke tafiya da kuma inda abin zai zauna a watannin da ba a tafiya, saboda haka na jera matakan nan bisa tsarin da ya kamata a bi su, har saye ya zo a ƙarshe.

Mataki na 1: Tantance irin tafiyar da kuke yi

Ka ɗauki takarda ka rubuta hutun da kuke so ku yi a shekara mai zuwa, rana bayan rana, sannan ka ƙirga sau nawa za ku canza wurin kwana. Wannan lissafi shi kaɗai yana raba gardama ga mafi yawan mutane.

Idan burinku shi ne ku je gabar Cornwall ko yankin tafkunan arewacin Ingila, ku yada zango a fili ɗaya na mako guda ko biyu, kullum da safe ku fita yawo ku dawo da yamma, to karaban ya fi dacewa da ku nesa ba kusa ba. Da zarar kun isa zango, za ka kwance shi daga mota, ka daidaita shi ya zauna sosai, ka sauke ƙafafunsa huɗu na kusurwa, ka jona wutar lantarki, ka ɗebo ruwa, wataƙila ka kafa rumfa a gefensa. Aikin yakan ci kusan rabin awa, ya fi haka idan da rumfa, amma sau ɗaya ake yinsa. Daga nan motarka ta zama 'yantacciya, kana iya shiga ƙaramin gari da ita, ka ajiye ta a inda kowa yake ajiye tasa, ka nemi masallaci ranar Juma'a a birni mafi kusa, gadaje kuwa suna nan a shimfiɗe, tukunyar miya tana cikin firij, takalman yara suna ƙarƙashin rumfa.

Mai motar kwana ba shi da wannan gata. Ko burodi ne ya ƙare, sai an naɗe gado, an sauke rufin da aka ɗaga, an kulle kowace durowa, an kwashe kofuna daga kan tebur, an zare wayar lantarki, sannan a tashi da gida gaba ɗaya zuwa kanti. Mutum biyu da suka saba za su gama cikin minti goma, amma idan da ƙananan yara, wannan kwashe-kwashe da shimfiɗe-shimfiɗe na kullum yana cinye daɗin hutun.

Idan kuwa tafiyarku ta yau-nan-gobe-can ce, lamarin ya juya. Ɗauki hanyar North Coast 500 da aka ƙaddamar a 2015, wadda take farawa daga Inverness ta zagaye arewacin Sikotlan ta dawo, tsawon mil 516. Mai wannan zagaye ba ya kwana biyu a wuri ɗaya sai nadiran, kuma ƙulla karaban da kwance shi kowace safiya da yamma wahala ce da ba ta da lada. Mai motar kwana yana iya tsayawa a bakin tafki da rana tsaka, ya ɗora shayi, ya yi salla, ya wuce. Haka kuma ga ma'aikacin da hutunsa bai wuce daren Juma'a zuwa yammacin Lahadi ba: motar da take ƙofar gida da kayanta a ciki ita ce za a riƙa fita da ita, karaban da yake ajiye a wani fili mai nisan mil goma kuwa sau da yawa ƙyuya takan hana a je ɗauko shi.

Mataki na 2: Ƙirga mutane, ka ƙirga kujeru masu bel

A nan ne iyalai irin namu suke cin karo da iyakar ƙaramar motar kwana. Volkswagen California nau'in Ocean, wadda ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da ita, kujeru huɗu take da su masu bel, wurin kwana ma na mutum huɗu ne: biyu a ƙasa a kan kujerar baya da ake miƙewa ta zama gado, biyu a sama cikin rufin da ake ɗagawa. Mercedes Marco Polo ma kusan haka take, Ford Transit Custom Nugget kuma tana ɗaukar mutum biyar a zaune. Ka lura cewa yawan gadaje daban, yawan kujeru masu bel daban, kuma na biyun ne doka take dubawa. Akwai motocin da masu su suka gyara da kansu, waɗanda za ka tarar da gadon mutum huɗu amma bel na mutum biyu kacal.

Da karaban, kowa yana zaune ne a cikin motar da take ja, domin doka ta hana ɗaukar mutum a cikin karaban yayin da ake tafiya. Saboda haka mai mota mai kujeru bakwai yana iya ɗaukar iyalinsa duka, ya ja karaban mai gadaje shida, a ƙara da ɗakin kwana a cikin rumfa idan yara sun girma. Wannan batu na girman yara yana da muhimmanci a wurinmu, domin raba makwancin maza da mata, da kuma samun labule ko ƙofa tsakanin iyaye da 'ya'ya, abu ne da karaban yake bayarwa cikin sauƙi, ƙaramar motar kwana kuwa ba ta da inda za ta ba da shi. Iyalin da suka kai mutum shida ba su da wani dogon tunani da za su yi game da ƙaramar mota. Nasu zaɓin yana tsakanin karaban ne da babbar motar kwana, wadda ita kuma wani zance ne daban.

Mataki na 3: Duba lasisinka, sannan ka yi lissafin nauyi

Wannan shi ne matakin da ya fi gundura, kuma shi ne wanda sakaci a cikinsa yake kai mutum ga tara ko haɗari.

Da farko, lasisi. Wanda ya zo Birtaniya da lasisin Najeriya ko Nijar ko Gana yana da watanni 12 ne kawai na tuƙi da shi, daga nan sai ya ci jarrabawar ƙasar. Lasisin mota na yau da kullum, wato rukunin B, yana ba ka damar tuƙa motar da nauyinta da kaya bai wuce kilo 3,500 ba, kuma duk ƙananan motocin kwana suna cikin wannan iyaka. Game da ja kuwa, tun daga 16 ga Disamba 2021 aka sassauta doka a Ingila da Sikotlan da Wels, ta yadda mai rukunin B yake iya jan abin da ya kai kilo 3,500 ba tare da wata jarrabawa ba. Sassaucin bai shafi Ailan ta Arewa ba. A ƙasashen Tarayyar Turai dokar ta fi tsauri: mai lasisin B na Jamus ko Faransa yana iya jan karaban da ya haura kilo 750 ne kawai idan nauyin mota da karaban a haɗe bai wuce kilo 3,500 ba. Idan ya wuce, sai ya yi horon B96 wanda yake ɗaga iyakar zuwa kilo 4,250, ko ya ci jarrabawar BE.

Doka ta yarda ka ja ba ya nufin motarka za ta iya. Lambobi uku za ka nema. Na farko shi ne nauyin motarka ba kaya, wanda yake cikin littafinta. Na biyu shi ne iyakar abin da kamfanin da ya ƙera ta ya yarda ta ja, da kuma iyakar nauyin mota da abin ja a haɗe, wanda aka buga a ƙaramin faranti a jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. Wannan iyaka ce ta doka, ba a ƙetare ta. Na uku shi ne iyakar nauyin karaban da kayansa, wanda za ka gani a faranti kusa da ƙofarsa da haruffan MTPLM.

Manyan ƙungiyoyin masu wannan harka guda biyu, Camping and Caravanning Club da aka kafa a 1901 da Caravan and Motorhome Club da aka kafa a 1907, suna ba sabon shiga shawarar kada nauyin karaban ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar ba kaya. Shawara ce, doka ba ta tilasta ta ba, amma ina ganin wanda bai taɓa ja ba ya riƙe ta tamkar doka. Ga misali: idan motarka tana da kilo 1,600, kashi 85 ya zama kilo 1,360, wanda zai ishe ka karaban mai gadaje huɗu mai taya biyu daga irin waɗanda Bailey ko Swift ko Elddis suke ƙerawa. Babban karaban mai gadaje shida da taya huɗu yakan kai kilo 1,700 ko fiye, kuma shi sai motar da ta kusa tan biyu. Ke nan idan sai ka canza mota kafin ka ja karaban da kake so, dole kuɗin sabuwar motar ya shiga lissafi, kuma a nan ne arahar karaban takan zama ba araha ba.

Akwai kuma nauyin da hancin karaban yake ɗorawa a kan ƙugiyar mota, wanda ake so ya kasance tsakanin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyinsa. Ga karaban mai kilo 1,360, wannan yana tsakanin kilo 68 da 95, amma motoci da yawa ba sa ɗaukar fiye da kilo 75 a ƙugiyarsu. Ana auna shi da sikelin banɗaki da guntun katako. Idan hancin ya yi sauƙi ƙwarai, musamman idan aka jibge kaya masu nauyi a can baya, karaban yakan fara tangaɗi a kan babbar hanya lokacin da tirela ta wuce ko iska ta buso daga gefe. Ƙa'idar lodi ita ce kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, a kan saitin tayoyi. Ka kuma sani cewa kayan da aka yarda ka zuba a karaban sau da yawa ba su wuce kilo 150 zuwa 170 ba, kuma batir da tukwanen gas da rumfa da na'urar tura karaban da rimot, wadda ita kaɗai takan kai kilo 30, suna cinye rabinsu tun kafin buhun shinkafa ya shiga.

Mataki na 4: Yi wa kanka gaskiya game da tuƙi

Tuƙa ƙaramar motar kwana bai bambanta da tuƙa babbar motar iyali ba. California tsawonta kusan mita 5 ne, tsayinta kuma yana ƙasa kaɗan da mita 2, saboda haka tana shiga yawancin wuraren ajiye motoci masu shingen tsayi. Dokar gudu ma a Birtaniya irin ta ƙaramar mota ce muddin nauyinta ba kaya bai wuce tan 3.05 ba: mil 60 a awa a hanya mai falle ɗaya, mil 70 a tagwayen hanya da babbar hanya.

Mai jan karaban yana tafe da abin da ya kai mita 11 ko 12 a haɗe. Iyakarsa mil 50 ce a hanya mai falle ɗaya, mil 60 a tagwayen hanya da babbar hanya, kuma an hana shi shiga layin dama na ƙarshe a babbar hanya mai layi uku ko fiye. Dole ya ɗaura ƙarin madubai idan karaban ya fi motar faɗi, dole kuma ya ƙulla wayar da take jan burkin karaban idan ya ɓalle daga mota. Ribas shi ne abin da yake tsorata kowa, domin karaban yana bin akasin inda ka juya sitiyari, amma horon yini ɗaya ko biyu da ƙungiyoyin nan suke shiryawa yana warware shi, kuma kuɗin horon bai kai na gyaran kusurwa ɗaya da aka buga a bango ba.

Akwai hanyoyin da ƙwarewa ba ta isa ta kai karaban cikinsu ba. Hanyar Bealach na Bà da take hawa zuwa Applecross a Sikotlan, mai tsayin mita 626, tana da allo a gindinta da yake gargaɗin masu karaban kada su hau. Hardknott Pass a arewacin Ingila tana da hawan da ya kai kashi 30 cikin ɗari, wato tana ɗagawa sama mita 30 a kowace mita 100. Ƙananan hanyoyin Devon da Cornwall, masu shingen ƙasa da duwatsu dama da hagu, sukan tilasta wa mutum ya koma da baya idan ya haɗu da tarakta. Tambaya ta ƙarshe a wannan mataki ita ce ko uwargida za ta yarda ta karɓi tuƙin idan maigida ya gaji ko ya yi rashin lafiya a hanya, domin abin hawan da mutum ɗaya kaɗai yake iya sarrafawa yana da rauni babba.

Mataki na 5: Ina zai zauna sauran watannin shekara, kuma nawa zai ci?

Hutu makonni ne kaɗan, sauran shekarar kuwa abin yana buƙatar mazauni. Mai gidan haya a Landan ko Manchesta da yake ajiye mota a bakin titi ba shi da inda zai sa karaban, kuma a unguwanni da yawa, musamman sababbin rukunin gidaje, takardun gida sun hana ajiye shi a harabar gida. Mafita ita ce filin ajiya na kuɗi, kuma gara wanda ƙungiyar CaSSOA ta tantance tsaronsa, domin kamfanonin inshora sukan rage kuɗi saboda shi. Wannan yakan ci fam ɗaruruwa a shekara.

A farashin saye, tazarar tana da faɗi. Sabuwar California ta haura fam 60,000 a 'yan shekarun nan, sabon karaban mai gadaje huɗu kuwa yawanci yana tsakanin fam 20,000 da 30,000, na hannu mai lafiya kuma ana samunsa ƙasa da rabin haka. A Birtaniya karaban ba ya biyan harajin hanya, ba ya zuwa gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota da doka ta wajabta, inshorarsa ma doka ba ta wajabta ba, ko da yake barin ta wauta ce saboda sata. Abin da yake buƙata shi ne duba na shekara-shekara a wurin ƙwararre. A Jamus yana da lambarsa da gwajin lafiyarsa, a Faransa kuma duk wanda ya haura kilo 500 sai an yi masa takardar rajista tasa. Motar kwana tana biyan duk abin da mota take biya: haraji, inshora, MOT kowace shekara bayan ta cika shekara uku, da kuɗin bakanike.

Lissafin yana canzawa ne idan motar kwanan za ta zama motarka ɗaya tilo, wadda za ka kai yara makaranta da ita ka je aiki. A wannan hali ba ka ƙara mota ba, musanya ka yi, kuma irin su California suna riƙe darajarsu a kasuwa fiye da yawancin motoci. Amma ka binciki injinta da kyau idan kana zaune a birni. Tun daga 29 ga Agusta 2023 yankin ULEZ, inda ake cajin motoci masu yawan hayaƙi, ya mamaye dukkan unguwannin Landan, kuma motar dizal da ba ta kai matakin tsabtar hayaƙi na Euro 6 ba tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta motsa. A tsakiyar Bamingham ana biyan fam 8. Tsohuwar motar kwana mai araha da ta faɗa wannan rukuni za ta ci abin da aka rage a farashinta cikin ɗan lokaci. Jan karaban shi ma yana ƙara shan mai sosai, motar lantarki kuwa takan rasa kusan rabin nisan da take yi da caji ɗaya.

Mataki na 6: Ruwa, banɗaki da girki

Mutane sukan tsaya kallon kujeru da fitilu su manta da abin da ake yi sau biyar a rana. Yawancin karaban na zamani suna da ɗan banɗaki mai ƙofa, da masai mai tankin da ake zarowa ta waje a zubar a wurin da zango ya tanada, da wurin wanke hannu, da shawa mai ruwan zafi. Ruwan yana zuwa ne daga ganga mai lita 40 da ake mirginawa zuwa famfo. Ga mai alwala da asuba a watan Oktoba, lokacin da ciyawa take jiƙe sharkaf kuma banɗakin zango yana can ƙarshen fili, wannan ɗan ɗaki yana da daraja ƙwarai. Ƙaramar motar kwana irin California tana da tankin ruwa na kusan lita 30 da ɗan kwanon wanke-wanke, ba ta da banɗaki. Abin da ake yi shi ne a sayi ƙaramin masai na ɗauka a ɓoye shi a kabad, wanda yake isar mata da miji amma yake da wuyar sha'ani idan akwai manyan yara. Wanda banɗaki ya zame masa dole, kuma yake son mota, sai ya dubi waɗanda aka gina a kan Fiat Ducato mai tsawon mita 6, sai dai tsayinta ya wuce mita biyu da rabi, ta fita daga sahun motar zuwa aiki.

Wurin salla ma abin aunawa ne. Idan ka je duba kowanne, ka tafi da darduma ka shimfiɗa ta a tsakar ɗakin, ka miƙe tsaye, ka yi ruku'u ka ga ko kanka ko gwiwar hannunka za su bugi kabad. A ƙaramar mota ba a iya miƙewa sai an ɗaga rufi, kuma filin ƙasan da ƙyar yake ɗaukar mutum ɗaya. Rumfa tana magance wannan ga duka biyun, har ma akwai irin wadda mota take zare jikinta ta tafi ta bar ta a tsaye.

Girkinmu ba irin na ɗumama gwangwani ba ne. Murhu mai kai biyu da ƙaramin firij na motar kwana za su yi shayi da ƙwai da taliya, amma tuwo da miya na mutum biyar suna son fili, kuma ƙamshin daddawa da manja da soyayyar albasa yana kama katifa da labule idan gadon yana taku ɗaya daga tukunya. Karaban yakan zo da murhu mai kai uku ko huɗu da tanda da firij mai ɗan girma, wanda zai riƙe naman halal da aka sayo daga gida na kwanaki. Dabarar da ta fi ita ce a dafa miya a gida a daskarar da ita, a yi suya a waje ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Kada a taɓa shigar da gawayi ko murhun waje cikin rufaffen wuri, ko da wutar ta mutu, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Na'urar ƙararrawa mai gano wannan iska wajibi ce a kowanne daga cikin biyun. Idan za ku yi tafiya a lokacin sanyi, ku ɗauki gas nau'in furofen, domin ɗaya nau'in, wato butan, yana daina fitowa idan sanyi ya kusa daskarar da ruwa. Ƙarfin wutar lantarkin zango, wanda ake aunawa da amfiya, a Birtaniya yawanci 16 ne, a Faransa kuwa sau da yawa 6 ko 10, wadda butar lantarki da hita a lokaci guda suke iya katsewa.

Mataki na 7: Idan za ku tsallaka teku

Jiragen ruwa daga Dover ta Ingila zuwa Calais ta Faransa, da jirgin ƙasa na ƙarƙashin teku daga Folkestone mai ɗaukar minti 35, duk suna la'akari da girman abin hawa, saboda haka mai karaban yana biyan fiye. A manyan hanyoyin Faransa masu kuɗi, motar da ba ta wuce mita 2 a tsayi ba tana aji na ɗaya, mai jan karaban kuwa yana aji na biyu. A Jamus iyakar mai ja kilomita 80 ce a awa, sai wanda ya sami takardar izinin kilomita 100. Babban abin da motar kwana ta fi da shi a nahiyar shi ne dubban wuraren kwana masu araha ko na kyauta da garuruwan Faransa da Jamus suka ware wa motocin kwana, waɗanda galibi ba a karɓar karaban a cikinsu. A Birtaniya irin waɗannan wurare ba su da yawa, ƙananan hukumomi da dama sun hana kwana a wuraren ajiye motocinsu, kuma dokar Sikotlan ta 2003 da ta ba mutane 'yancin yada zango a daji ba ta haɗa da abin hawa mai inji ba. Abin da ya fi kusa da waɗancan wuraren kwana a Birtaniya shi ne ƙananan filayen gonaki na 'yan ƙungiyoyin nan biyu, waɗanda ba sa ɗaukar fiye da baƙi biyar, kuma su suna karɓar mota da karaban duka.

Mataki na 8: Yi haya kafin ka saya

Gani ya kori ji. Hayar motar kwana ta kwana uku ko huɗu tana da sauƙin samu, kuma ina ba da shawarar a yi ta a watan da ake ruwa, domin a ranar da aka wuni ana yayyafi, yara suna ciki, rigunan sanyi a jiƙe ba wurin shanya, a ranar ne ake sanin ko filin ya isa. Hayar karaban na ja ta fi wuya, amma ana iya kwana a wanda aka riga aka kafa a zango, sannan a yi horon ja dabam.

Mataki na 9: Dubawa kafin biyan kuɗi

Babban abokin gaban karaban na hannu shi ne danshi, domin yana ruɓar da katakon cikin bango ba tare da an gani ba, kuma gyaransa yakan fi ƙarfin darajar karaban ɗin. Da ka buɗe ƙofa ka fara shaƙar iskar ciki. Warin rima alama ce, yawan turaren fesawa ma abin zargi ne. Ka danna bango da yatsa a ƙarƙashin tagogi, da cikin kabad na sama, da kewayen tagar rufi, da kusurwoyin ƙarƙashin gado, ka taka ko'ina a ƙasa ka ji ko yana lotsawa. Na'urar auna danshi ba ta da tsada: ƙasa da kashi 15 lafiya lau, sama da 20 kuwa sai an bincika. Ka nemi takardun duban shekara-shekara. Ka gwada lambar da aka zana a jikin tagogi da ta takardar CRiS, tsarin rajistar da ake amfani da shi tun 1992, don ka tabbatar ba na sata ba ne kuma babu bashi a kansa. Tayoyin karaban suna tsufa tun ba su side ba, saboda haka ka karanta lambobi huɗu na gefen taya: 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Ana so a canza su idan sun kai shekara biyar, kada kuma su wuce bakwai ko da zanensu yana nan.

Ga motar kwana, duba biyu za ka yi, na mota da na ɗaki. Tarihin MOT yana nan kyauta a shafin gwamnati ga duk wanda ya san lambar motar, kuma yana nuna nisan da ta yi kowace shekara da gargaɗin da aka taɓa yi a kanta. Ka leƙa ƙarƙashi da kewayen tayoyi don tsatsa, ka tambayi lokacin da aka canza bel ɗin inji, ka ɗaga rufi ka duba tantinsa ko ya yage ko ya yi baƙin fumfuna. Idan gyaran gida ce, ka nemi takardar shaidar lafiyar gas da ta lantarki, da shaidar cewa kujerar baya da bel ɗinta an gwada su don haɗari, domin a kanta 'ya'yanka za su zauna.

A duka biyun, ka roƙi mai sayarwa ya kunna firij da hita da tukunyar ruwan zafi tun kafin ka iso, ka gwada su a kan gas da kuma lantarki, kuma kada ka tura kuɗin kafin alƙalami ga wanda ba ka je ka ga kayansa a adireshinsa ba. Kaka, wato daga Oktoba zuwa Nuwamba, ta fi bazara daɗin ciniki, domin masu sayarwa suna gudun kuɗin ajiyar hunturu. Bayan ka saya, ka loda kayan tafiya duka, da ruwa da gas da mutane, ka je sikelin auna manyan motoci na jama'a ka gwada nauyin da abin da yake rubuce a faranti, sannan ka sa fitar farko ta zama zuwa zangon da bai wuce tafiyar awa ɗaya daga gida ba, ta yadda duk abin da aka manta ko ya ƙi aiki za a iya komawa a ɗauko ko a gyara.